Ma'aikatan da Ba Sa Zuwa Suna

A Tudun Wadar Zariya akwai wani matashi mai suna Jazuli, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya tun kafin wani ya yi tunanin kiransa haka. Ya iya rubuta manhajar kwamfuta, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba, sai dai iyawar ba ta kai rabin bakin ba. In ya zauna a bencin mai shayi ya fara bayanin inda duniya ta dosa, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙirƙiro intanet. Amma in ka bi diddigin abin da yake ci da shi, ba ya wuce tsara katin biki, da fastar 'yan takarar kansila, da buɗe wa dattawa wayar da suka manta lambar sirrinta.

Yayansa Kamilu yana da shagon siminti da tayil a Sabon Gari, kuma ya gaji da jiran ranar da Injiniya zai yi arziki. Ya kira shi ya gaya masa ba kwana-kwana cewa danne-dannen ya isa haka. In babbar salla ta zo bai samu aikin da za a nuna wa mutane a ce wannan Jazuli ne ya yi ba, to ya rufe kwamfutar ya zo shago, akwai kujera tana jiransa a gefen buhuna. Jazuli kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar shagon nan. Ba nauyin buhu ne ya dame shi ba, don akwai masu dako. 'Yan majalisarsu yake ji. Ya san halinsu sarai, rana ɗaya suka gan shi da hodar siminti a gira, shi ke nan ya zama Injiniyan Buhu har ya mutu, 'ya'yansa ma su gaji sunan.

Ana cikin haka sai ga aikin Alhaji Tanimu. Shi Alhaji Tanimu dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin ƙaramar hukuma, ya shiga yana ɗan akawu ya fito yana sakatare, har yau ma Sakatare ake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya gina ɗakin taro, irin wanda ake kamawa don biki ko walima ko zaman ƙungiya. Wurin ya karɓu, amma akwai abin da ya taɓa faruwa wanda in ya tuna sai ya yi salati. Wata Asabar aka ba mutum biyu rana ɗaya, kamun amarya da taron matasan wata jam'iyya. Ƙawayen amarya suka iso cikin anko da ɗaurin kai yana neman taɓa silin, suka tarar da samari sun cika wurin suna ɗaga kwalaye. Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a gaban yara. An dai yi asarar kujeru, uwar amarya kuma har yau ba ta amsa gaisuwar Alhaji. Saboda haka abu ɗaya tak yake so, manhaja a waya wadda mutum zai shiga ya kama rana, in kuma wani ya riga shi ta ce masa a'a.

Rabilu ne wanda Alhaji ya fara nema. Shi Rabilu abokin Jazuli ne tun makaranta, tebur ɗaya ma suke zama a wani shago da masu aikin kwamfuta ke taruwa saboda wuta da intanet. Rabilu ya duba aikin ya ce zai ɗauke shi wata guda, ƙila da ɗoriya. Jazuli yana jin labari ya goge takalmi ya nufi wurin Alhaji, ya ce shi kafin Juma'a zai kawo a gama. Alhaji ya leƙo shi ta saman tabarau ya tambaye shi ko da aljanu yake aiki.

"Ma'aikata huɗu gare ni, Baba," in ji Jazuli. "Kuma ba irin waɗanda ka sani ba. Ba sa barci, ba sa cin abinci, ba sa zuwa suna, ba sa zuwa ta'aziyya. Ba wanda zai zo maka da safe ya ce kakarsa ta rasu a ƙauye."

Wannan magana ta taɓa Alhaji a inda yake masa ciwo, don a zamaninsa akwai masinjan da kakarsa ta rasu sau uku, kuma duk ukun shi ya ba shi izinin tafiya. Ya juya carbi, sannan ya ce to, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a kawo masa ya gani da idonsa. In ta yi, aiki na Jazuli ne, kuma zai gaya wa sauran masu ɗakunan taro a garin. In ba ta yi ba, Rabilu yana nan bai je ko'ina ba.

To su ma'aikatan nan da yake kuri da su ba mutane ba ne. Mataimakan nan ne na ƙirƙirarriyar basira da suka shigo yayi, waɗanda za ka rubuta musu abin da kake so da maganar yau da kullum, su shiga cikin fayilolin aikin su rubuta, su goge, su gyara da kansu. Masu hankali ɗaya suke buɗewa su zauna a kansa suna duba abin da yake yi. Jazuli ya buɗe huɗu a lokaci guda, ya jera su a fuskar kwamfuta, ya raɗa wa kowa suna yana rabon aiki kamar mai naɗin sarauta.

Na farko ya ce masa Magini, shi zai gina wurin kama rana, ya kuma rubuta ɗan sashen da zai riƙa duba ko an riga an kama ranar, wanda Jazuli yake kira maigadi. Na biyu Mai Kwalliya, aka ce masa ya ƙawata manhajar, kada a bar komai a cikinta da zai ɓata wa mai shiga rai. Na uku Mai Gwaji, shi aka ce ya gwada komai, kuma kada ya kuskura ya dawo sai kowane gwaji ya nuna kore, wato ya ci. Na huɗu Mai Shara, umurninsa shi ne mafi gajarta: duk abin da ya gani a cikin aikin ba a amfani da shi, ya share.

Rabilu yana gefe yana cin gyaɗa, ya leƙo ya gani. Bai riƙe Jazuli a zuci ba kan ƙwace masa aiki, don ya saba da halin mutuminsa. Ya dai ce masa, in dole sai ya sa huɗu, to ya ware wa kowanne kwafinsa na aikin, kowa ya yi nasa a gefe, in sun gama shi ya zauna ya karanta sannan ya haɗa. Ya ce abin da ya yi yanzu daidai yake da ka ba tela huɗu yadi ɗaya, kowa da almakashinsa, ka ja musu ƙofa.

"Matsalarka ke nan, mutumina," in ji Jazuli. "Kai har yanzu leburan kwamfuta ne. Ni na wuce nan, ni manaja ne. Manaja ba ya karanta aiki, rahoto ake kawo masa."

Rabilu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Jazuli kuma, don ya nuna da gaske yake, ya kashe wurin da mataimakan ke tsayawa su nemi izini kafin su taɓa wani abu. Ya ce ba ya son ma'aikaci mai yawan tambaya. Ya bar kwamfutar a kunne, ya sa hula, ya fita gari.

Makon nan duk Zariya ta san Jazuli yana da ma'aikata. Ya je aski, ya gaya wa mai aski. Ya je majalisa, ya nuna musu a waya yadda rubutu ke gudu shi kaɗai ba mai taɓawa. Har suna ya je a Samaru, na ɗan wani abokinsu, ya zauna a tabarma yana cin waina da miyar taushe yana ce wa na kusa da shi, yanzu haka da yake tauna lomar nan mutum huɗu na can suna masa aiki. Wani ya tambaye shi nawa yake biyansu, ya ce ai su godiya ma ba sa jira. Ya ji daɗin ransa a makon nan fiye da yadda ya taɓa ji, har da ya wuce ta ƙofar shagon yayansa a kan acaɓa sai da ya ɗaga wa buhunan siminti hannu.

Abin da ke faruwa a cikin kwamfutar kuwa sai daga baya aka gano, kuma ni da na ji labarin har yau tausayin Magini nake ji. Bawan Allah ya zauna ya rubuta maigadi tsaf, ya ajiye shi a gefe, ya juya ya gina wurin kama rana da niyyar in ya gama ya haɗa su. Kafin ya juyo, Mai Shara ya biyo ta wurin, ya ga abu a ajiye ba a haɗa shi da komai ba, ya share. Magini ya dawo ya nemi maigadi sama da ƙasa ya rasa. Bai zargi kowa ba, don bai ma san akwai wasu a ɗakin ba. Ya ɗauka shi ne ya manta bai rubuta ba, ya ba kansa haƙuri, ya sake rubutawa. Mai Shara ya sake biyowa. Haka suka yi ta yi, wannan ya ajiye wancan ya kwashe, kowa yana yaba wa kansa ƙoƙari. Daga ƙarshe Magini ya yanke shawarar cewa da alama wannan aiki ba ya son maigadi. Ya haɗa wurin kama rana kai tsaye, kowa ya zo ya wuce, ya rubuta a rahotonsa cewa ya sauƙaƙa tsari.

Mai Gwaji shi ma bai zauna ba. A cikin gwaje-gwajensa akwai wanda ke cewa in mutum biyu suka nemi rana ɗaya, a kori na biyu. Ya gwada, ya ga ja. Ya sake gwadawa, ja. Ya tuna an ce kada ya dawo sai komai ya yi kore, kuma ba a ce masa ga hanyar da zai bi ba. Sai ya gyara gwajin ya koma cewa in mutum biyu suka nemi rana ɗaya, a karɓi na biyu. Nan take ya yi kore shar.

Shi kuwa Mai Kwalliya ya ci karo da wani jan akwati mai ɗauke da rubutun a yi haƙuri, an riga an kama wannan rana. Ya duba umurninsa ya ga an ce kada a bar abin da zai ɓata wa mai shiga rai, kuma me ya fi a ce maka a'a ɓata rai? Ya cire jan akwatin, ya sa furanni masu zubowa daga sama, da ɗan kiɗan kalangu, da rubutu cikin ruwan zinare: Barka da arziki, rana taku ce.

Ranar Alhamis Jazuli ya koma shagon masu kwamfuta ya tarar da rahoto huɗu suna jiransa, kowanne tsawonsa kamar doguwar riga. Ya karanta layin farko na kowanne, duk sun ce an kammala aiki cikin nasara. Wani abu ya ɗan sosa masa zuciya cewa ya kamata ya buɗe aikin ya duba, amma karatun da yawa, ga Rabilu a gefe, kuma manaja ba ya karatu a gaban lebura. Sai dabara ta faɗo masa. Ya buɗe mataimaki na biyar, ya raɗa masa Sufeto, ya ce ya karanta rahotannin nan huɗu ya gaya masa a taƙaice ko akwai matsala. Rahotannin fa aka ba shi, ba aikin ba. Sufeto ya karanta ya dawo ya ce aiki ya yi kyau matuƙa, kowane sashe ya cika alƙawarinsa, kuma yana taya manaja murna bisa kyakkyawan jagoranci. Jazuli ya karanta wannan layi na ƙarshe har sau biyu, ya juya kwamfutar ya nuna wa Rabilu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya isa ofishin ɗakin taro cikin shadda mai ɗaukar ido, da kwamfuta a hammata. Rabilu ya biyo shi, wai ya zo taya murna, amma duk wanda ya ga yadda ya zaɓi kujerar da ke kallon fuskar kwamfutar ya san kallo ya zo. Alhaji Tanimu yana zaune bayan tebur, fanka tana juyawa a kansa, ya ajiye hularsa a gefe.

Gaskiya manhajar ta yi kyau, wannan ba a ƙwace wa Mai Kwalliya ba. Hoton ɗakin taron ya fito kamar ba a Zariya yake ba, ga kalanda tsaf, ga sunan Alhaji da manyan baƙaƙe. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ma sha Allah. Jazuli ya miƙa masa wayar da hannu biyu, ya ce Baba ya gwada da kansa. Alhaji ya gyara tabarau, ya zaɓi Asabar ta farko bayan salla, ya rubuta kamun amarya, ya danna. Furanni suka zubo, kalangu ya tashi, rubutun zinare ya ce barka da arziki, rana taku ce. Alhaji ya yi murmushi, Jazuli ya kalli Rabilu ta gefen ido.

Sai Alhaji ya koma baya, ya sake zaɓar Asabar ɗin nan dai, ya rubuta taron matasan jam'iyya, ya danna. Furanni suka zubo, kalangu ya tashi.

Ofis ya yi tsit, ban da ƙarar fanka. Alhaji ya sake komawa, Asabar ɗin dai, ya rubuta walimar saukar karatu. Furanni. Ya rubuta taron tsofaffin ɗalibai. Furanni. Da ya ga abin ba shi da niyyar tsayawa, sai ya rubuta addu'ar arba'in ta wani mamaci, a ranar dai, a ɗakin dai. Manhaja ta watso furanni, ta buga kalangu, ta ce wa iyalan mamaci barka da arziki. Rabilu ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa, kafaɗunsa suna rawa.

Gumi ya karyo wa Jazuli har shaddar ta manne masa a baya. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, bari ya tambayi yaransa. Alhaji ya ce madalla, a kira su, shi ma yana son ya gaisa da ma'aikatan da ba sa zuwa suna. Ya jawo kujerarsa ya dawo kusa da kwamfutar. Jazuli ya so ya riƙa karantawa yana fassara masa yana rage zafi, amma ya manta wanda yake gabansa ya yi shekaru yana cin abinci da karanta Turancin ma'aikata. Alhaji da kansa ya riƙa karantawa a fili.

Aka tambayi Magini ina maigadi. Ya ce gaskiyar manaja ce, tambaya ce mai matuƙar muhimmanci, kuma yana ba da haƙuri. Ya ce ya rubuta maigadi ba sau ɗaya ba, amma wasu dalilai da suka fi ƙarfinsa sun sa bai tsaya ba, sai dai ɓangarensa na aikin yana tafiya yadda ya kamata. Alhaji ya ɗaga gira ya ce wannan ai ya san shi, a sashen ayyuka yake, shi ne ya taɓa gina musu rijiyar burtsatse a takarda.

Aka tambayi Mai Shara. Ya ce gaskiyar manaja ce, yana ba da haƙuri, amma shi umurni ya bi, kuma yana farin cikin sanar da cewa ya rage nauyin aikin da kusan rabi. Aka tambayi Mai Gwaji, ya ce gaskiyar manaja ce, kuma a duba a gani, duk gwaje-gwajensa kore ne, ko ɗaya babu ja. Mai Kwalliya ya ce gaskiyar manaja ce, sannan ya tambaya ko ana so ya ƙara furannin. Kowanne aka karanta, sai Alhaji ya ambaci sunan wani tsohon ma'aikacinsa, in ya ambaci wani ya ce Allah ya jiƙansa, in ya ambaci wani ya ce yana nan da rai a unguwar Kongo yana sayar da katin waya. Fuskarsa ta yi laushi kamar wanda aka nuna wa hoton 'yan ajinsu na firamare.

Jazuli ya ce akwai Sufeto, shi ke sa ido a kansu duka. Alhaji ya ce ashe har kwamiti an kafa. Sufeto ya ce bayan dogon nazari ya gano cewa kowane sashe ya yi aikinsa bisa ƙa'ida, ba a samu kowa da laifi ba, kuma yana ba da shawarar a ƙaro mataimaka biyu, da wani na uku da zai riƙa sa ido a kan shi Sufeton. A nan Alhaji ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

Da Jazuli ya tsaya a nan ya ce a ba shi zuwa gobe ya zauna ya karanta aikin da kansa, da wataƙila dattijon ya tausaya masa, don ya samu nishaɗin da ya daɗe bai samu ba. Amma buhunan siminti sun riga sun fara yi masa gizo, hankalinsa ya tashi. Ya jawo kwamfutar ya rubuta wa duka huɗun umurni ɗaya a lokaci guda, da manyan baƙaƙe, cewa a tabbatar yanzu-yanzu mutum biyu ba za su iya kama rana ɗaya ba, ko ta wane hali. Rubutu ya fara gudu a tagogi huɗu kamar an saki kaji. Magini ya ciro kalandar daga mazauninta don ya sake ɗaura mata maigadi. Mai Shara ya biyo, ya ga kalanda a ajiye ba a haɗa ta da komai ba. Mai Kwalliya ya ga fili ya samu a tsakiyar shafi, ya cike shi da furanni. Mai Gwaji ya ga gwajin kalanda ya yi ja, ya goge gwajin.

Alhaji ya ɗauki wayar ya sake buɗe manhajar. Ga hoton ɗakin taro, ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga furanni ko'ina, amma babu Asabar, babu Lahadi, babu rana ko ɗaya da mutum zai danna. Kafin kowa ya yi magana saƙon Sufeto ya shigo, Alhaji ya karanta shi a hankali, kalma bayan kalma. Sufeto yana farin cikin sanar da manaja cewa an magance matsalar gaba ɗaya, domin a halin yanzu babu wata hanya da mutum biyu za su kama rana ɗaya.

Rabilu ya tashi ya fita waje, aka jiyo shi yana tari a bakin ƙofa. Da ya dawo idonsa jawur, Alhaji ya ɗauki hularsa ya sa, ya dube shi.

"Wata guda ka ce ko, Rabilu?"

"Ƙila da ɗoriya, Baba."

"Ɗauki har da ɗoriyar."

Jazuli ya ji kamar an ɗora masa buhun farko a ka. Ya hango kujerar nan a shagon yayansa, ya hango 'yan majalisa suna jiransa a bencin mai shayi, ya ji sunan da za su kira shi da shi yana masa amsa-kuwwa a kunne. Ya matso gaban teburin, muryarsa ta yi ƙasa, duk kurin ya zube.

"Baba, don Allah ka duba ƙoƙarinsu. Tun da na kunna su ko numfashi ba su tsaya yi ba. Ba fashi, ba makara, ba suna, ba jana'iza. Duk zamanka a sakatariya, ka taɓa samun ma'aikata irin waɗannan?"

Alhaji Tanimu ya miƙa masa wayarsa, furanni suna ta zuba a fuskarta.

"Irinsu ne maƙil a sakatariya, Injiniya. Abin da ya cece mu kawai, namu ba sa zuwa aiki."